DAKASHI GARKUWAR MARAƘI: Jawabi ga Hakimai da Malamansu a kan Kiwon Saniya Mai Ciki

 Maganar yau maganar maraƙi ce, watau dalilin da ya sa maruƙa ke mutuwa da yawa a farkon damina, alhali ga ɗanyar ciyawa ta fito, ga ruwa ko'ina.

Kowane hakimi na wannan yanki ya san labarin. Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi kore, makiyayi ya soma murna wahala ta wuce, sai maraƙi ɗan kwana biyar ko goma ya kama zawo, idanu su faɗa, ya kwanta, bayan kwana biyu a ja shi bayan ruga. Wani cibiya ce za ta kumbura, wani gwiwoyi, wani tari. Mai shanu ya ce sabuwar ciyawa ce, maƙwabcinsa ya ce baki ne. Likitocin dabbobi kuwa sun bi sawun abin, sun tarar mafarin yawancinsa yana can baya, cikin watan Fabrairu da Maris da Afrilu, sa'ad da maraƙin ke ciki, uwarsa na yawo cikin tsakar rana tana tsintar kara. Hasarar kuwa ba ta tsaya ga maraƙi ba. Farar saniya ta ƙasar nan, watau Bunaji, ba ta sakin nono sosai sai ta ga ɗanta a gabanta. Ran da ya mutu nono ya kama hanyar ƙafewa, uwargida ta rasa abin kai wa kasuwa, yara su rasa na dama fura. Ga shi kuwa a garken da ba a ba shi ƙarin abinci, saniya takan kai shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa. Maraƙi guda ya faɗi, gida ya yi hasarar shekara biyu ke nan.

Sai a fara da yadda Allah ya halicci abin. Cikin jinin kowace babbar dabba akwai waɗansu abubuwa ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, aikinsu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Don sauƙin magana a nan za a kira su dakarun jini. Duk cutar da saniya ta taɓa karo da ita ta warke, ko aka yi mata allurar rigakafinta, jikinta ya ajiye dakarun da suka san wannan cuta, ko yaushe ta dawo su tare ta. 'Yar Adam tana ba ɗanta irin waɗannan dakaru tun yana ciki, ta hanyar mabiyiya. Saniya ba haka take ba. Mabiyiyarta ninki ce bisa ninki, abinci na wucewa, amma dakaru ba su wucewa. Haka tunkiya take, haka akuya da goɗiya. Saboda haka maraƙi yakan faɗo duniya kamar gari ba ganuwa, kuma tsakiyar kashin shanu da ƙuda yake faɗowa.

Abin da aka tanadar masa shi ne dakashi, watau nonon farko mai kauri da ɗanko, rawaya-rawaya, wanda in an ɗora shi bisa wuta sai ya daskare kamar dafaffen ƙwai. Tun haihuwa na sauran mako uku zuwa biyar, jikin saniya yake soma kwashe dakaru daga jininta yana tarawa cikin hantsa. Masana sun auna, sun tarar abin gina jiki, wanda suke kira furotin, ya kai kashi 14 cikin 100 na dakashi, alhali a madara kashi 3 ne da ɗoriya. Dakarun da ke cikinsa kuwa sun ninka na madara wajen sau sittin. Bayan wannan yana da mai, wanda ke ɗumama maraƙi, yana da bitamin A, yana kuma wanke baƙin kashin farko daga hanji.

Ba yau aka gane wannan ba. A shekarar 1922 waɗansu likitoci biyu na Amurka, Theobald Smith da Ralph Little, suka jarraba abin. Maruƙa 10 suka bari suka sha dakashi, duka suka rayu. Maruƙa 12 suka hana, sai madara kurum. Takwas suka mutu, na tara aka yanka shi yana kan gargara. Da suka buɗe gawarwakin sai suka tarar ƙwayoyin cutar da ke zaune cikin hanji ne suka kutsa cikin jini suka mamaye jiki, don ba mai tare su.

Akwai kuma wani sharaɗi, shi ne lokaci. Hanjin sabon maraƙi a buɗe yake, dakaru na ratsa shi su shiga jini ɗungum, ba tare da an narkar da su ba. Amma wannan ƙofa kamar ƙofar birni ce ta zamanin da, wadda sarkin ƙofa ke turawa in rana ta yi yamma. Awa biyu na farko a wangale take. Bayan awa 6 an soma tura ta. Bayan awa 12 saura ɗan tsagi. Kwana guda ya cika, an sa sakata. Dakashin da maraƙi ya sha bayan wannan abinci ne mai kyau, yana kuma tsare cikin hanji, amma ba ya shiga jini. Har wa yau, muddin ƙofar na buɗe, ƙwayar cuta ma na iya shiga, in ta riga dakashi zuwa. Ko a Amurka, inda ake kiwon madara da injuna, ƙidayar da gwamnatinsu ta yi a 1991 zuwa 1992 ta nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na maruƙa mata ba su sami isassun dakaru ba. Da aka dage da wayar da kan masu kiwo, a 2007 abin ya sauko zuwa kashi 19.

To, ina ruwan abincin uwa da wannan duka? Nan ne ya kamata a saurara da kyau, gama abin ba kamar yadda hankali zai fara ɗauka yake ba. Mutum zai zaci ramammiyar saniya dakashinta ruwa-ruwa ne, ba dakaru a ciki. Gwaje-gwaje da yawa sun nuna ba lalle ba ne. Saniya takan ci jikinta don ɗanta, ta zubar da tozo, ta narkar da naman cinya, har dakashin ya fito da kaurinsa. Inda yunwa ke yin ɓarna wani wuri ne dabam.

Tana rage yawansa. Hantsar da ya kamata ta cika ta yi tamtsan-tamtsan sai ta sauko rabi, maraƙi ya tsotsa ya tsotsa bai ƙoshi ba. Tana kuma raunana maraƙin kansa, gama wajen kashi biyu cikin uku na girman ɗan tayi cikin wata uku na ƙarshe yake samuwa. Maraƙin da uwarsa ta sha yunwa yakan zo ƙarami, ba kitsen da zai ɗumama shi, ƙafafu na rawa. Lafiyayye kafin awa guda ya miƙe, kafin biyu ya kama nono. Raunanne sai ya kwanta ya yini, in cikin dare aka haife shi a daji ba wanda ya gani, kafin ya kai bakinsa ga nono ƙofa ta kusa rufewa. Uwar ma da ba ta da ƙarfi naƙuda takan yi mata tsawo, maraƙi ya fito a galabaice, ita kuma ba ta da kuzarin lasarsa ta tashe shi. Bugu da ƙari, an gwada a Amurka an ga maruƙan da aka rage wa uwayensu furotin cikin watannin ƙarshe, ko an ba su dakashi mai kyau, hanjinsu ba ya kwasar dakaru kamar na sauran. Ashe yunwar uwa tana cutar mai sha fiye da abin shan.

Sai bitamin A, wanda shi kam kai tsaye daga abincin uwa yake. Kaɗan ne ƙwarai ke ratsa mabiyiya, saboda haka maraƙi na zuwa hantarsa kusan wayam, dakashi yake jira. Saniya kuwa daga ɗanyen ganye take samunsa. Tana ajiye na damina cikin hantarta, ya kai ta 'yan watanni, amma in rani ya yi nisa ba ta ɗanɗana kore ba, ajiyar takan yi ƙasa. Aikin wannan bitamin shi ne gyara fatar cikin hanji da huhu da ido, watau daidai wuraren da zawo da tari ke shiga.

Yanzu a duba lissafin watanni. Cikin saniya wata tara ne da kamar kwana goma. Saniyar da ba a ba ta ƙari ba ta cika karɓar bijimi sai ta murmure, watau cikin Yuli da Agusta da Satumba. Wadda ta ɗauka a Yuli za ta haihu a Afrilu, ta Agusta a Mayu, ta Satumba a Yuni. Wata biyunta na ƙarshe, lokacin da ɗan tayi ke neman abinci fiye da kullum, hantsa kuma na haɗa dakashi, sun faɗa ke nan daidai cikin bazara, sa'ad da ba abin da ya rage a daji.

Wani zai ce ai kudancin Kano ba ta rasa ciyawa. Gaskiya ne, ruwan sama a Tudun Wada da Doguwa ya fi na Dambatta da Bichi, ga dajin Falgore, ga duwatsun Riruwai, ga Kogin Kano, ga tafkin Tiga da aka gama datsewa a 1974. Wannan ne ya sa garkuna ke gangarowa nan da rani. Amma tsawon ciyawa ba shi ne amfaninta ba. Gamba da kyasuwa suna ɗanye furotinsu na da yawa. Da zarar sun yi fure sun bushe a tsaye, sai ya faɗi zuwa kashi 2 ko 3 cikin 100. Tumbin saniya kuwa cike yake da ƙananan halittu, su ne ke narka mata ciyawa, su ma ba su aiki sosai sai abincin ya kai wajen kashi 7. In bai kai ba, ciyawa ta zauna cikin tumbi kwana da kwanaki, saniya ta ji a ƙoshe take, ta rage ci, ga ciki tulu ga haƙarƙari a waje. Karan dawa da na masara da bambaron shinkafa duk wannan hali gare su, cika ciki ne. Saniya mai tsohon ciki abin ya fi tsananta mata, don ɗan ya tokare tumbin, wurin zuba abinci ya ragu.

Maganin abin yana nan cikin ƙasar, ba sai an aika Turai ba. Harawar wake da ta gyaɗa, in an ɗebe su da ganyensu aka shanya su ba su sha ruwa ba, furotinsu ya wuce kashi 10, kuma in da sauran korensu suna ɗauke da abin da ke zama bitamin A. Angurya ta wuce kashi 20. Ƙulin gyaɗa da na angurya da ake samu wajen masu matsar mai sun fi haka. Dusar masara da ta dawa suna ba da ƙarfi. 'Ya'yan gawo, waɗanda ke zubowa tsakiyar rani, abinci ne na gaske, shi ya sa sare gawo a gona wauta ce. Ga Bunaji matsakaiciya, kilo guda na angurya ko ƙuli kowace rana, da harawa kilo biyu ko uku, bisa abin da ta kiwata a daji, cikin kwana 60 na ƙarshe, ya isa ya sāke labarin. Kilo 60 ke nan na angurya, buhu guda da 'yan kai. A gwada kuɗinsa da kuɗin maraƙi da nonon shekara. Wannan ɗan ƙari ma yana tashin halittun nan na tumbi, har saniya ta ƙara cin busasshiyar ciyawar da take ƙi da. Ba duk garke za a ba ba, masu tsohon ciki kurum, tun ba karsana mai cikin fari ba, wadda ita kanta ba ta gama girma ba. A ware su lokacin ci, in ba haka ba manya su ture su. A soma da kaɗan a riƙa ƙarawa cikin mako guda.

Amma fa a kiyayi ƙuli ko dusa da suka yi fumfuna. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bincika sai aka tarar dafin fumfunar da ke kan garin gyaɗa ne. Wannan dafi yana ɓata hanta, yana raunana garkuwar jiki, yana kuma fitowa cikin nono har ya kai ga yara. Angurya kuwa ta uwa ce, ba a ba maraƙin da bai soma tuƙa ba.

In an ga saniya na taunar ƙashi ko tsumma, ko tana lasar ƙasa, tana neman gishirin da ciyawar ƙasar nan ta gaza da shi ne, musamman wanda ake kira fosfaras. Gishirin lasa da ake sayarwa a shagunan maganin dabbobi shi ne maganinta, kanwa kaɗai ba ta wadatar ba.

An jarraba irin wannan kiwo ba nisa da nan. Cikin shekarun 1980 ma'aikatan cibiyar ILCA, wadda ke binciken dabbobin Afirka a lokacin, sun yi aiki da Fulani a ƙasar Kachiya. Suka killace fili kamar eka goma kusa da ruga, suka shuka wata ciyawa dangin wake mai suna sitailo, aka hana shanu shiga sai rani, sa'an nan masu ciki da masu shayarwa su shiga na 'yan awoyi kowace rana. Babbar ribar da aka gani ita ce maruƙa sun fi rayuwa. Makiyayin da ya zauna wuri guda, kamar waɗanda ke Dansoshiya ta ƙasar Kiru, inda Gwamnatin Jihar Kano ta buɗe matsugunin makiyaya a 2020, shi wannan dabara ta fi dacewa da shi.

Akwai wata magana mai nauyi, wadda sai da hikima ake shigarta, ita ce ta daina tatsa. Hantsa na bukatar hutu na mako shida zuwa takwas kafin haihuwa, don ta gyara kanta ta tara dakashi. Saniyar da aka yi ta tatsa har kusa da haihuwa, ko aka bar tsohon maraƙinta na tsotso, dakarun da ke taruwa suna fita ne kullum cikin ƙwarya, ran haihuwa sabon ya tarar da saura. A ruga kuwa shanu na maigida ne, nono na uwargida ne, da shi take cefane, da shi take tara kayan ɗakin 'yarta. Wanda ya tara maza ƙarƙashin itace ya yi musu bayani ya tafi, bai gaya wa mai ƙwarya ba. Sai maganar ta kai ga mata, ta bakin matan ardo da shugabannin ƙungiyoyin masu nono, a kuma nuna musu ribarsu ce, domin saniyar da ta huta ta fi ba da nono a haihuwa mai zuwa. Haka nan al'adar nan ta tatsar hantsa kafin haihuwa wai don ta yi sauƙi, a bar ta, sai in likita ya ce.

Duk abin da aka faɗa na shanun gida ne. Yanzu kuwa akwai waɗansu iri. Tun gonar Shika da aka kafa a 1928, da Vom inda aka kai ma'aikatar binciken dabbobi a 1924, an daɗe ana haɗa Bunaji da shanun Turai masu nono, ga kuma cibiyar baye na allura da aka yi a Kadawa. Attajirai da ma'aikata da yawa sun ajiye irin waɗannan barbarar yanyawa a bayan gida. Su hatsarinsu kishiyar na farko ne, watau gata. Mai ita ya yi ta ɗura mata dusa don ƙauna, ta yi ƙiba har ba a jin haƙarƙarinta. Ran haihuwa kitse ya ƙuntata hanya, maraƙi ya maƙale, bayan haihuwa ta ƙi cin abinci. Ma'auni mai sauƙi shi ne, a shafa a ji haƙarƙari da hannu, amma kada a ƙidaya su da ido daga nesa. Har wa yau irin waɗannan shanu, tun ba waɗanda suka haihu sau uku ko fi ba, sukan faɗi kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwa, kunnuwa su yi sanyi, wuya ya lanƙwashe gefe, su kasa tashi, don dakashi ya kwashe sinadarin ƙashi da ke cikin jininsu farat ɗaya. Yawan kanwa cikin mako uku na ƙarshe na ƙara wannan hatsari, saboda haka a janye musu ita sai sun haihu. In ta faɗi, likita za a kira nan take, allura ce ta jijiya. Kada a ɗura mata kome ta baki, gama ba ta iya haɗiya, sai ya tafi huhu.

Zafi da ƙishirwa su ma suna da nasu. A Jami'ar Fulorida ta Amurka an tarar shanun da suka sha zafi a ƙarshen ciki maruƙansu sun fi ƙanƙanta, kuma ba su kwasar dakaru sosai. Zafin Maris da Afrilu kowa ya san shi. Mai tsohon ciki ta sami inuwa da tsakar rana, ta sha ruwa sau biyu, lita 30 zuwa 40 a yini, kada a kora ta tafiya mai nisa tare da garke. Bakin Tiga da fadamu akwai kore da rani, amma akwai katantanwar da ke ɗauke da tsutsar hanta, mai shan jinin da za a yi dakashi da shi. Sai a nemi malamin dabbobi ya ba da maganin da ya dace da mai ciki, gama ba kowane ne ya dace ba.

Dakarun da ke cikin dakashi na cututtukan da uwa ta sani ne. Dattawa na tuna ciwon bushiya. Da aka soma babban yaƙi da shi a 1962, a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, malaman allura sun sha fama da wani abu: maraƙin da uwarsa ke da rigakafi, allurar ba ta kama shi sai ya yi watanni da yawa, don dakarun da ya sha sukan kashe ta. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake komowa shekara bayan shekara. Cutar ta sāke ɓarkewa a 1983, amma a 2011 aka yi shelar an kawar da ita daga duniya. Darasin da ya rage shi ne, allurar da aka yi wa uwa a kan kari ta ɗanta ce. Kuma saniyar da aka sayo da tsohon ciki daga kasuwar Wudil, ko aka taso da ita daga wata ƙasa, dakarunta na can ne. Tana bukatar mako uku ko fi a sabon wuri kafin ta haihu, don jikinta ya san cututtukan wurin.

Ran haihuwa aikin kaɗan ne, amma ba ya jira. Wuri busasshe, nesa da inda garke ke kwana. A wanke kan nono da ruwan ɗumi, a tsoma cibiya cikin aidin. In awa biyu ta wuce maraƙi bai kama ba, a tallafe shi a kai bakinsa. In ya kasa, a tatsa cikin ƙwarya mai tsabta a ba shi a hankali, kansa a daidai, yana haɗiya da kansa. Abin da yake bukata kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ne: ɗan Bunaji mai kilo 20 lita biyu cikin awoyin farko, ɗan barbarar yanyawa lita uku, kana a sāke kafin awa 12. Jinkiri na rage ƙarfin dakashin ma cikin hantsa, an auna an ga bayan awa 14 sulusin dakarun ya tafi. In uwa ta mutu ko ba ta da shi, a nemi na wata da ta haihu ran nan, na tsohuwar saniya ya fi na karsana. Kada a ɗauki na wadda ke tari ko ta taɓa ɓari, don tsoron bakkale da tarin fuka. Inda akwai injin ƙanƙara, kamar wuraren tara madara, ana iya daskarar da dakashi ya yi watanni. In za a ba da shi a sa kwalbar cikin ruwan ɗumi, ba a tafasa shi, wuta na kashe dakarun. Mutanen gida kuwa su haƙura da rabonsu sai maraƙi ya kwana uku yana sha.

Saura abin da ya rataya a wuyan hakimi. Ba a fafe gora ran tafiya: abincin Maris a watan Oktoba da Nuwamba ake tanadinsa, lokacin da harawa ke da araha, angurya na shigowa kasuwa. In kaka ta yi, hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni da ardo-ardo, a ja kunne a kan a ɗora harawa bisa itace ko rumfa tun ganye bai kaɗe ba, kada kuma talaka ya sayar da ita duka ga masu motocin birni ya bar tasa saniyar da kara. A tsananta hana cinna wa daji wuta, ko don farautar ɓera ko don sharar gona, gama gobara ɗaya ta Disamba na cinye abincin garke goma. A duba burtali da mashaya, in an toshe su da noman rani a sasanta tun kafin shanu su gangaro, domin mai tsohon ciki ce ke shan wahalar zagaye. Tsohuwar yarjejeniyar nan ta manomi ya ba da kara, makiyayi ya kwana a gona ya bar taki, inda ta mutu a yi ƙoƙarin tashinta.

Malamin hakimi kuwa littafi zai buɗe. Nan sai an yi hattara. Tun zamanin jangali makiyayi ke ƙin a ƙidaya masa shanu, kuma ba a ga laifinsa ba. Saboda haka kada a tambayi yawan garke. Abin da za a tambaya, ta bakin ardo, shi ne saniya nawa ke da ciki, wane wata aka ga bijimi ya bi ta. Malam ya rubuta watan, ya ƙidaya bakwai gaba, nan ne watan daina tatsa da soma ƙari, ya ƙara biyu, watan haihuwa ke nan. A bar gurbi uku a gefen kowane suna: ko an ba ta ƙari, ko maraƙi ya sha dakashi kafin awa shida, ko yana nan da rai bayan wata uku. A ƙarshen Satumba a aika da kwafe ga malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, hakimi ya riƙe nasa, a karanta wa ardo-ardo a taron kaka mai zuwa, ruga ruga, ba tare da ambaton sunan wanda ya yi hasara ba.